Brooklyn Dodgers daga 1941 zuwa 1957: kofi ɗaya suka ci, me ya sa har yau ake maganarsu?

Tambaya: Wani mai bibiyar wasanni ya ce yana yawan cin karo da sunan Brooklyn Dodgers, ƙungiyar besbol ta birnin New York a shekarun 1940 da 1950, wadda yanzu take Los Angeles. Yana so ya san waɗanne lokuta ne aka fi tunawa a tarihinta na wancan zamani, da kuma abin da ya sa ƙungiyar da ta ɗauki kofi sau ɗaya tak a garinta ta fi wasu masu tarin kofuna shiga bakin mutane.

Amsa: Malam, tsakanin 1941 da 1956 Dodgers ta zama zakarar rukunin National League sau bakwai. Duk sau bakwai ɗin ta je wasan ƙarshe na World Series ta tarar da maƙwabciyarta New York Yankees, kuma sau ɗaya ta yi nasara. A 1946 da 1950 da 1951 kuwa, a ƙarshen kaka aka ƙwace mata zakarancin rukunin. Masoyanta har sun saba da cewa "sai baɗi". Mutane da yawa suna kiran wannan rashin sa'a. A ganina ba haka ba ne: in ka bi wasannin ɗaya bayan ɗaya, za ka ga kusan kowanne ya rataya ne a kan wata ƙaramar shawara, ko wata doka, ko gajiyar hannun mai jifa, ko inda aka tsayar da ɗan wasa.

Sai ka riƙe ƙa'idojin wasan kafin labarin ya yi ma'ana. Kowace ƙungiya tana da mutum tara. Mai jifa yana tsaye ƙafa 60 da inci 6 daga mai bugu, wanda ke riƙe da kulki. Akwai zango uku da gida, ƙafa 90 tsakanin kowane biyu, kuma wanda ya zagaye su ya dawo gida ya ci maki ɗaya. Ana yin turmi tara. A kowane turmi ƙungiya tana bugu har sai an fitar da mutum uku nata. Ana fitar da mai bugu in an cafe ƙwallonsa kafin ta taɓa ƙasa, mai gudu kuma in ƙwallo ta tare shi kafin ya isa zango. Jifa mai kyau da mai bugu ya bari ya wuce, ko wanda ya kai wa duka ya bugi iska, shi ne sitirak, uku suna fitar da shi. In jifa huɗu suka kauce, ya tafi zangon farko kyauta. In ya buga ƙwallo ta tsallake katanga, homran ke nan: shi da duk wanda ke kan zango sun ci maki. World Series kuma, wato karawar zakarun manyan rukunoni biyu, wanda ya fara cin wasa huɗu ne zakara.

A 5 ga Oktoba 1941, a Ebbets Field, filin Dodgers, Yankees na gaba da wasa biyu da ɗaya, amma a wasa na huɗu Dodgers ke ja da 4 da 3, turmi na tara, an fitar da biyu, babu kowa a zango. Hugh Casey na Dodgers ya jefa wa Tommy Henrich na Yankees ƙwallo mai lanƙwasa, Henrich ya kai duka ya bugi iska. Sitirak na uku, da wasa ya ƙare. Sai dai doka ta ce in mai cafewa, wato wanda ke tsugune bayan mai bugu, bai riƙe jifa na ukun ba, kuma an riga an fitar da biyu ko zangon farko babu kowa, mai bugu na iya rugawa. Ƙwallon ta kuɓuce wa mai cafewar Dodgers, Mickey Owen, wanda a shekarar yana cikin masu cafewa mafi tsaftar aiki, ta gangara baya, Henrich ya isa zango. Owen ake ɗora wa laifi, shi ma ya ɗauka. Amma abin da ya biyo baya ya fi muni. Casey ya rikice, koci Leo Durocher bai sauya shi ba. Joe DiMaggio ya buga, Charlie Keller ya buga ta daki katanga alhali saura masa sitirak ɗaya, Joe Gordon ya ƙara. Aka tashi 7 da 4, washegari Yankees ta ɗauki kofi. Kuskuren Owen mutum ɗaya ya kai zangon farko. Maki huɗun sun fito ne daga barin mai jifa da hankalinsa ya tashi ya ci gaba.

Abin da ya fi duk waɗannan wasanni nauyi shi ne 15 ga Afrilu 1947, ranar da Jackie Robinson ya shiga fili sanye da lamba 42. Tun shekarun 1880 babu baƙar fata a manyan rukunonin besbol na Amurka. Babu rubutacciyar doka, masu ƙungiyoyi ne suka haɗa baki. Shugaban Dodgers, Branch Rickey, ya tsara abin daki-daki. Ya gana da Robinson a 28 ga Agusta 1945, ya gwada shi da irin zagin da zai sha, ya kuma ɗauki alkawarinsa cewa ba zai rama ba a shekarun farko. Ya tura shi ƙaramar ƙungiyarsu ta Montreal a Kanada a 1946, nesa da dokokin wariyar kudancin Amurka, inda ya fi kowa iya bugu a rukunin. A 1947 ya kai atisayen share fage Havana ta ƙasar Kyuba maimakon Florida. Da wasu 'yan wasa suka fara tattara sa hannu don ƙin wasa da shi, Durocher ya tashe su cikin dare ya kashe maganar.

A wasan farkon Robinson bai yi bajintar bugu ba, amma ya ci makin da ya sa su gaba, suka doke Boston Braves 5 da 3. An ajiye shi a zangon farko, wurin da bai saba ba, saboda Eddie Stanky na riƙe da na biyu. Ya sha zagi, musamman daga kocin Philadelphia Phillies, Ben Chapman, an kuma riƙa jifansa da ƙwallo a jiki. Duk da haka ya fi kowa satar zango a rukunin, wato rugawa zuwa zango na gaba yayin da ake jifa, sau 29, ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa, a 1949 kuma gwarzon rukunin baki ɗaya. Salonsa ya canza lissafin abokan hamayya. Yakan yi nisa da zango yana rausaya, mai jifa ya raba hankali biyu, ya gaggauta, ya koma jifa miƙaƙƙe don mai cafewa ya samu damar kama ɓarawon, shi kuma mai bugu abin da yake jira ke nan. Adalci ne aka yi, kuma ya biya a fili: Roy Campanella ya zo a 1948 ya zama gwarzon rukuni sau uku, Don Newcombe ya zo a 1949, Joe Black a 1952, Jim Gilliam a 1953. Yankees ba ta sa baƙar fata ba sai 1955, Boston Red Sox sai 1959.

World Series na 1947 ya ba da abubuwa biyu da har yau ake nunawa. A wasa na huɗu, Bill Bevens na Yankees ya kai turmi na tara babu wanda ya buga masa ƙwallon da ta kai shi zango, abin da ba a taɓa kammalawa a World Series ba a lokacin. Amma hannunsa na kaucewa, ya ba da zangon kyauta har goma. Yankees na gaba 2 da 1, an fitar da biyu, Al Gionfriddo na Dodgers ya saci zango na biyu. Nan kocin Yankees, Bucky Harris, ya ba da umarnin a bar Pete Reiser ya tafi zangon farko da gangan. Masana wasan suna hana haka, domin ka ɗora wanda zai iya cin makin nasara a zango da hannunka, ga shi Reiser ma ƙafarsa na ciwo. Cookie Lavagetto ya fito daga benci ya buga ta daki katangar dama, mutum biyu suka shigo gida, 3 da 2. A wasa na shida Gionfriddo ya bi wata doguwar ƙwallon DiMaggio har bakin shinge, wajen alamar ƙafa 415, ya cafe ta, alhali mutum biyu na zango kuma tazarar maki uku ce. DiMaggio, wanda ba a san shi da nuna fushi ba, ya shuri ƙasa. Yankees dai ta ci wasa na bakwai, kuma Bevens da Lavagetto da Gionfriddo babu wanda ya sake buga wasa a babban rukuni.

A ranar ƙarshe ta kakar 1950, da Phillies, ana 1 da 1 a turmi na tara, Cal Abrams na Dodgers yana zango na biyu, ba a fitar da kowa ba. Duke Snider ya buga tsakiya, mai ba da alama a zango na uku, Milt Stock, ya ce wa Abrams ya wuce gida. Richie Ashburn ya ɗauki ƙwallon kusa, ya jefo, aka fitar da Abrams da tazara mai yawa. Da an tsayar da shi, da zango uku sun cika, ba a fitar da kowa ba, ga Robinson na shirin bugu. Dick Sisler na Phillies ya yi homran mai maki uku a turmi na goma, zakarancin rukuni ya tafi gare su. Ƙa'idar a bayyane take: ba a kasadar fitar mutum na farko a bakin gida.

1951 ita ce ciwon da bai warke ba. A 11 ga Agusta Dodgers na gaban New York Giants da wasa 13. Giants ta ci 16 a jere, ta ci 37 cikin 44 na ƙarshe. Dodgers ba ta rushe ba, ta ci fiye da rabin sauran wasanninta, amma bai isa ba. A ranar ƙarshe a Philadelphia sai da Robinson ya yi tsalle ya cafe wata ƙwallo a turmi na 12, ya kuma yi homran a na 14, kafin suka yi kunnen doki da Giants, kowa nasara 96. Aka sa wasa uku na raba gardama.

Kurakuran sun fara tun kafin a taɓa ƙwallo. Dodgers ta ci ƙuri'ar zaɓen fili, ta zaɓi wasan farko a gida, wanda ya bar wa Giants na biyu da na uku a Polo Grounds. Giants ta ci na farko 3 da 1, Bobby Thomson ya yi homran a hannun Ralph Branca. Dodgers ta rama 10 da nema. A 3 ga Oktoba, Newcombe ya shiga turmi na tara da 4 da 1, amma hannunsa ya ƙare: ya jefa cikakken wasa a 29 ga Satumba, washegari ya sake jefa kusan turmi shida. Alvin Dark ya buga ya kai zangon farko. Gil Hodges ya tsaya manne da zangon yana tsaron Dark, alhali da tazarar maki uku gudun Dark ba shi da wani tasiri. Don Mueller ya buga ta ratsa daidai gurbin da Hodges ya bari. Whitey Lockman ya buga mai zango biyu, 4 da 2, mutum biyu na zango na biyu da na uku, an fitar da ɗaya. Kocin Dodgers, Charlie Dressen, ya buga waya wurin masu jifa da ke ɗumama hannu suna jiran canji, Clyde Sukeforth ya shaida masa Carl Erskine ya jefa ɗaya ta daki ƙasa, sai aka kira Branca, mutumin da Thomson ya doke kwana biyu da suka wuce. Zangon farko babu kowa, ana iya barin Thomson ya tafi kyauta a fuskanci Willie Mays, yaro ɗan shekara 20 a kakarsa ta farko. Dressen ya ƙi ɗora makin nasara a zango, wato ya bi ƙa'idar da Harris ya karya a 1947, kuma shi ma ya sha kashi. Jifa na biyu, miƙaƙƙe, sama kuma kusa da jiki, Thomson ya aika ta cikin 'yan kallo a hagu. Layin hagu a Polo Grounds ƙafa 279 ne kawai. Aka tashi 5 da 4.

A 2001 jaridar Wall Street Journal ta tabbatar da abin da aka daɗe ana raɗe-raɗi: tun 20 ga Yuli 1951 Giants na satar alamun mai cafewa. Koci Herman Franks na zaune a ɗakin ƙungiya can bayan tsakiyar fili da madubin hangen nesa, yana danna ƙararrawar lantarki zuwa wurin masu ɗumama hannu, Sal Yvars kuma ya nuna wa mai bugu irin jifan da ke zuwa. Thomson ya ce bai karɓi alama a wannan jifan ba. Ko da an yarda da shi, ƙungiyar da ta cike tazarar wasa 13 ta yi kunnen doki, wasa ɗaya da ta ci ta wannan hanya ya isa ya canza komai. Branca ya ɗauki laifin shekara hamsin, kuma wannan zalunci ne a kansa.

1952 da 1953 gajeren labari ne. A na farko sun kai wasa na bakwai, Hodges ya fita bugu sau 21 bai samu ko ɗaya ba, Billy Martin na Yankees kuma ya rugo ya cafe ƙwallon Robinson a gwiwa lokacin da zango uku ke cike. A na biyu sun ci wasa 105 a kaka, Erskine ya fitar da mutum 14 da sitirak a wasa ɗaya, duk da haka Yankees ta gama da su a wasa shida. Dressen ya nemi kwantiragin shekaru, mai ƙungiya Walter O'Malley ya ƙi, ya ɗauko Walter Alston, wanda ya yi kaka 23 da kwantiragin shekara ɗai-ɗai.

A 1955 sun ci goma na farko a jere, 22 cikin 24, suka kammala zakarancin rukuni tun 8 ga Satumba. A World Series sun faɗi wasa biyun farko, duk da satar gida da Robinson ya yi, wadda mai cafewar Yankees, Yogi Berra, ya yi ta musu har ƙarshen rayuwarsa. Johnny Podres, wanda a kakar ya ci 9 ya faɗi 10, ya ci wasa na uku ranar da ya cika shekara 23. Makaminsa jifa ne mai yaudara: motsin hannu irin na jifa mai ƙarfi, amma ƙwallon ta zo a hankali, mai bugu ya riga ta. Aka kai wasa na bakwai a Yankee Stadium, 4 ga Oktoba, Robinson na benci da ciwo. Hodges ya shigo da Campanella a turmi na huɗu, ya shigo da Pee Wee Reese a na shida da doguwar ƙwallo da aka cafe.

A wannan turmi na shida Alston ya cire Don Zimmer ya sa George Shuba ya buga a madadinsa. Shuba bai yi komai ba, amma canjin ya tilasta Gilliam ya baro bayan fili na hagu ya dawo zango na biyu, aka sa Sandy Amorós ɗan Kyuba a hagu. Nan take Martin ya samu zangon kyauta, Gil McDougald ya bi shi, ba a fitar da kowa ba, ga Berra. Berra da hagu yake bugu, yana jan ƙwallo dama, don haka Amorós ya matsa can wajen tsakiya. Sai Berra ya yanke ta ta bi layin hagu. Amorós ya yi gudu mai nisa, ya miƙa hannu ya cafe ta daf da shinge. Amorós da hagu yake jifa, safar cafewarsa na hannun dama, wato hannun da ke ɓangaren layin. Gilliam na sa tasa a hagu, da sai ya juya hannu ta gaban jikinsa, kuma da wuya ya kai. McDougald ya riga ya wuce zango na biyu. Amorós ya jefa wa Reese, Reese ya jefa wa Hodges, aka fitar da biyu a bugu ɗaya. Podres ya riƙe 2 da nema har ƙarshe, Elston Howard ya buga wa Reese ta ƙasa, Brooklyn ta ɗauki kofinta na farko bayan faɗuwa bakwai tun 1916.

A 1956 Newcombe ya ci wasa 27, ya zama na farko da ya karɓi kyautar Cy Young ta masu jifa. Amma abin da ake tunawa shi ne 8 ga Oktoba, ranar da Don Larsen na Yankees ya fitar da mutum 27 a jere da jifa 97, babu wanda ya taka zango. Ba a sake yin haka a World Series ba. Sal Maglie ya yi wa Dodgers jifa mai kyau ranar, maki biyu kawai ya bari. Yankees ta ci wasa na bakwai 9 da nema. A Disamba aka sayar da Robinson ga Giants, ya zaɓi ya yi ritaya.

Tashinsu daga Brooklyn shi ma lissafi ne. An buɗe Ebbets Field a 1913, yana ɗaukar kimanin mutum 32,000, wurin ajiye mota kuwa na 'yan ɗaruruwa ne, a daidai lokacin da masoya ke ƙaura zuwa bayan gari suna zuwa da mota. 'Yan kallo sun sauka daga miliyan 1.8 a 1947 zuwa miliyan ɗaya da ɗoriya a 1955, shekarar kofi, yayin da Braves da ta koma Milwaukee ke tara sama da miliyan biyu. O'Malley ya so ya gina sabon fili da kuɗinsa a mahaɗar titunan Atlantic da Flatbush, kusa da tashar jirgin ƙasa, in hukuma za ta karɓo masa ƙasar. Robert Moses, mai riƙe da akalar gine-ginen birnin, ya ƙi, ya miƙa masa wuri a Flushing Meadows cikin Queens. Los Angeles ta ba shi kimanin eka 300 a Chavez Ravine. An buga wasan ƙarshe a Ebbets Field a 24 ga Satumba 1957, suka doke Pittsburgh 2 da nema a gaban mutum 6,702, aka sanar da ƙaura a 8 ga Oktoba, aka fara rushe filin a Fabrairun 1960. Mutanen Brooklyn O'Malley suka tsine wa. Moses na da kasonsa na laifi, domin shi ya toshe wurin da ya fi dacewa. Amma Dodgers na cikin ƙungiyoyin da suka fi samun riba a lokacin, kuma O'Malley ya sayar da Ebbets Field tun 1956, ya riƙa kai wasu wasannin gida Jersey City, don haka ba za a ce talauci ne ya kore shi ba.